Wa ke nuna wa jirgin sama hanya?

 

Wannan makon sama za mu ɗaga kai. Wanda ya shiga mota a Jabo zai tafi Sakkwato ko Jega ba ya tambayar direba ko ya san hanya, domin ga kwalta nan shimfiɗe, ga garuruwa a jere, in ma an rikice a tsaya wurin mai shayi a yi tambaya. To a sama fa? Babu kwalta, babu allon hanya, babu wanda za a tsaya a tambaya. Balle a ce lokacin hunturu ne, hazo ya rufe gari har mutum bai hango kukar da ke bayan gidansu. A irin wannan yanayi jirgin alhazai ke tasowa daga Jidda cikin dare, ya keta dubban kilomitoci, ya zo ya dira a kan titin filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, titin da faɗinsa bai kai na filin ƙwallo ba. Wa ya nuna masa?

Amsar a taƙaice ita ce, hanyar sama daga ƙasa aka gina ta, kuma har gobe mutanen da ke ƙasa ke riƙe da ita. Yadda aka yi aka gina ta kuwa labari ne da ƙasarmu ke ciki dumu-dumu.

Kamfas, taswira da agogo

Ranar 1 ga Nuwamba, 1925, zamanin Sarkin Kano Usman, jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka a Kano. Daga Helwan kusa da Alƙahira suka taso ranar 27 ga Oktoba, ƙarƙashin jagorancin wani hafsa mai suna Arthur Coningham, suka biyo ta Sudan da Chadi da Maiduguri. Wannan tafiya ce ta fara kawo jirgin sama Nijeriya. Filin jirgi babu shi a lokacin, a filin sukuwa aka tarbe su.

Waɗannan matuƙa da abu uku suka nemo Kano: kamfas, taswira da agogo. Mutum zai ja layi a taswira, ya saita hancin jirgi da kamfas, ya san gudun jirginsa, ya duba agogo ya ce yanzu ya kamata a ce ina kan gari kaza. Sai ya leƙa ƙasa ya nemi kogi ko dutse ko gari da zai gaskata lissafinsa. Kusan haka madugai ke yi zamanin fatauci, sa'ad da ayari ke bi ta Jega zuwa Gwanja sayen goro: sanin zango, sanin rijiya, ƙidayar kwanaki, da duban taurari in dare ya yi.

Matsalar ita ce iska. Tana tura jirgi gefe ba tare da matuƙi ya ji a jikinsa ba. Masu tuƙi suna da wani ƙiyasi da kowane ɗan aji uku na sakandare zai iya riƙewa: kaucewar digiri ɗaya tak tana kawar da kai kilomita ɗaya daga hanya a duk kilomita 60 da ka yi. Daga Sakkwato zuwa Kano a miƙe kusan kilomita 370 ne. Ke nan wanda ya kauce da digiri biyar zai wuce Kano tana can gefe da nisan kilomita 30, in kuwa akwai hazo ko ƙyallinta ba zai gani ba. Ga shi jirgi ba jaki ba ne da za a ɗaure a gindin bishiya a jira gari ya waye. Mai yana ƙarewa, dole a sauka, ko da fili ko babu.

Daga fitila zuwa sauti

Amurkawa da ke son jiragen wasiƙa su yi tafiyar dare na cikin waɗanda suka fara shimfiɗa wa jirgi hanya a ƙasa. Tun daga 1923 suka riƙa kafa dogayen fitilu masu juyawa, kusan kowane kilomita 16 da guda, daga baya suka ƙara da manyan kibiyoyi na kankare a gindinsu, an shafa musu fenti ruwan ɗorawa, kowace tana nuna inda ta gaba take. Dabara ce mai kyau, amma ido take buƙata. Gajimare ya sauko, fitila ta zama banza.

Nan rediyo ya shigo, domin shi hazo bai tare shi, duhu bai tare shi. Wajen 1929 aka fara kafa wasu tashoshi da ke aika haruffa biyu da salon bugun wayar tangaraho. Harafin A sauti ne gajere sannan dogo, harafin N kuma dogo sannan gajere. Tashar na watsa A ta ɓangarori biyu, N ta sauran biyun, an kuma tsara su yadda shirun da ke cikin ɗaya sautin ɗayan ke cike shi. Matuƙi na saye da abin sauraro a kunne. In ya karkata gefe guda sai ya ji A, in ya karkata ɗaya gefen sai ya ji N. In kuwa yana kan iyakar da suka haɗu, sai su narke su zama sauti ɗaya miƙaƙƙe marar yankewa. Wannan siririn layi na sauti shi ne hanya. Da ya iso daidai saman tashar sai komai ya ɗauke ɗif na ɗan lokaci, shirun nan shi ke gaya masa ga inda yake.

Ku auna wahalar. Mutum ya yi awa uku ko huɗu ƙara na cikin kunnensa, ga rugugin inji, ga tsawa na sa rediyo tartsatsi, kuma ransa da na fasinja sun rataya a kan ya bambance gajere-dogo da dogo-gajere. Duk da haka an kafa ɗaruruwan irin waɗannan tashoshi, aka jona wannan da waccan, hanyoyin sama na farko da ba su dogara da ido ba suka samu. A ranar 24 ga Satumba, 1929 ma, wani matuƙi mai suna Jimmy Doolittle ya tashi ya kewaya ya sauka a kusa da birnin New York an lulluɓe mazauninsa bai ganin waje, da na'urori da rediyo kawai.

Gwajin da za mu iya yi a tsakar gida

Akwai wata dabara da ta fi wannan sauƙi, ita ce kuma ta fi yaɗuwa a ƙasashe irin namu. A kafa tasha guda a kusa da filin jirgi tana watsa sauti ta kowace fuska, jirgi kuma ya ɗauki na'urar da ke gano ta wane ɓangare sautin ke zuwa. Wannan kam ba sai an ba mu labari ba, rediyon baba ta isa mu gwada.

A roƙi baba ko kawu aron ƙaramar rediyo mai batir, a kamo wata tasha a matsakaicin zango, wato inda aka rubuta MW ko AM. Ba a buƙatar zaro doguwar eriyar nan ta ƙarfe, ita ta FM ce da gajeren zango. Matsakaicin zango da wani ɗan sanda baƙi da ke kwance cikin rediyon yake aiki, an naɗe shi da siririyar waya. A tsayar da rediyon a kan tabarma, a riƙa juya ta a hankali kamar ana juya faifai. Za a ji murya ta yi ƙarfi, sannan ta dusashe har ta kusa ɓacewa, sannan ta dawo. A daidai inda ta dusashe, tsawon rediyon na nuna layin da tashar take. A ja wannan layi a ƙasa da tsinke.

Sai dai a lura da abu biyu. Layin bai faɗa maka ko tashar na gabanka ko bayanka ba, bai kuma faɗa maka nisanta ba. Don haka sai an nemi tasha ta biyu da ke wani gari daban, a ja nata layin. Wanda ya auna fuskar layukan nan biyu da kamfas, ko da na cikin waya ne, ya zana su a taswira kowanne ya ratsa ta garin tasharsa, inda suka gitta juna nan yake zaune. Shaida ɗaya ba ta isa a yanke hukunci, sai an samu ta biyu. Ku riƙe wannan magana, za mu dawo kanta.

A cikin jirgi an mayar da wannan aiki hannun wata allura da ke nuna tashar da kanta. Amma ita ma tana da halinta. Da dare sautin kan dawo daga sama ya rikita ta, in kuma hadari ya haɗo sai ta bar tashar ta koma nuna inda walƙiya take, wato daidai wurin da matuƙi ke gudu.

Kano ta zama zangon sama

A 1936 kamfanin Imperial Airways na Ingila ya buɗe hanya daga Khartum zuwa Kano, kafin shekarar ta ƙare aka miƙa ta har Legas. Garin da ya yi ɗaruruwan shekaru yana tarbar ayarin raƙuma daga Agadas da Turabulus sai ga shi yana tarbar jirage.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya ƙara wa hanyar nauyi. Da tekun Bahar Rum ya zama haɗari ga jiragen ruwan Ingila, sai aka riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yau, a harhaɗa su, a tuƙo su ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wadda yanzu ake kira Njamena, El Fasher, Khartum, har Alƙahira, tafiyar kusan kilomita 6,000. An fara a watan Satumba na 1940, kuma kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta nan.

Yadda suke tafiyar zai ba ku sha'awa. Ƙananan jiragen yaƙi mutum ɗaya suke ɗauka, ba wurin mai lissafin hanya. Sai a sa babban jirgi guda a gaba da mai lissafi a cikinsa, ƙanana su biyo shi a baya. Madugu da ayarinsa ke nan sak. Wanda hazo ya raba da ayari ya shiga uku, kuma an yi asarar jirage da mutane a wannan hanya. Shi ya sa da kamfanin Pan American na Amurka ya shigo aikin a 1941, ban da gyaran filaye, tashoshin rediyo da na duba yanayi na cikin abin da ya dage a kai. Bayan yaƙi Kano ta ci gaba da zama wurin shan mai ga jiragen da ke keta Sahara tsakanin Turai da kudancin Afirka.

Ya nufi Kano, ya ƙare a Muritaniya

Ga labarin da muke ganin ya fi kowanne darasi. Cikin daren da ya wayi garin 26 ga Mayu, 1952, wani jirgin fasinja na kamfanin BOAC ya tashi daga Turabulus zai zo Kano da mutum 18 a ciki. Tafiya ce ta fiye da kilomita 2,000, kusan dukkanta a kan rairayi, inda babu fitilar gari balle tashar rediyo a kusa.

Allurar kamfas ba ta nuna arewa ta gaskiya cif-cif, akwai 'yar tazara da ke sauyawa daga wuri zuwa wuri. Jirgin na da wani sabon kamfas da ake murɗa masa wannan tazara da hannu. Mai lissafin hanya ya so ya sa digiri 6, sai ya sa 60. Ba da jimawa ba aka lura cewa sabon kamfas da tsohon da ke gaban matuƙa sun saɓa. Shaidu biyu sun yi gardama, abin da ya kamata shi ne a tsaya a tantance da na uku. Sai aka yanke cewa tsohon ne ya lalace, aka bi sabon. Jirgin ya kwana yana tafiya kudu maso yamma, kowa na zaton Kano na gaba.

Ko da aka gane gaskiya, mai ya yi ƙasa. Dole aka kwantar da jirgin a cikin hamadar Muritaniya, yankin Atar, fiye da kilomita 2,000 daga Kano. Duk sun fita da rai, makiyaya masu raƙuma da sojojin Faransa suka kai musu ɗauki, amma mataimakin matuƙin ya rasu kafin a fitar da su daga jejin. Injinan jirgin lafiya lau suke, kamfas ɗin ma lafiyarsa ƙalau. Sifili guda da rashin bincike suka jawo wannan.

Mu ma nan kusa mun taɓa gani. A watan Yuni na 1991 wani jirgin fasinja na kamfanin Okada da ya nufi Kano ya tarar yanayi ya ɓaci, ya karkato Sakkwato, mai ya ƙare masa kafin ya samu sauka, ya faɗi 'yan kilomitoci daga filin jirgi, aka rasa rayuka. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.

Yadda hanyar take a yau

Bayan yaƙi ƙasashe suka ga ba zai yiwu kowa ya yi nasa tsari ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta haifar da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, wadda ta daidaita na'urori da ƙa'idoji. Aka samu tashar VOR, wadda maimakon layi huɗu take ba da 360, ɗaya ga kowane digiri, kuma tsawa ba ta cika damunta ba. Aka haɗa ta da DME, na'urar da ke aika tambaya ga tasha, ta auna lokacin da amsa ta ɗauka, ta faɗi nisa. Wajen sauka kuma akwai ILS, sautuka biyu da ke fitowa daga bakin titi, ɗaya na daidaita jirgi hagu da dama, ɗayan na gangaro da shi a kan kusurwar kusan digiri uku. Kowace tasha na maimaita sunanta da haruffan tangaraho, kuma wajibi ne matuƙi ya tabbatar da sunan kafin ya bi ta, kada ya bi wata yana zaton wata ce.

Farin layin da muke gani jirgi ya ja a sama ba gararamba yake ba. Hanya yake bi mai suna da lamba, kuma a ƙa'ida masu nufar gabas da masu nufar yamma ba a tsayi ɗaya suke tafiya ba, ana barin tazarar aƙalla ƙafa 1,000 a tsakani. Wani abin alfahari kuma, a taswirar matuƙa na duniya sararin saman Nijeriya baki ɗaya da sunan Kano ake kiransa, daga arewa kuma yana iyaka da na Yamai.

Yanzu akwai GPS, wanda ya kammala a 1995. Taurarin ɗan'adam ne aƙalla 24 da ke kewaya duniya a nisan kusan kilomita 20,000, na'ura na sauraron huɗu ko fiye ta faɗi inda take. Wani zai ce to ai magana ta ƙare, a kwashe tsofaffin tashoshi. Ba a kwashe su duka ba, kuma da dalili. Saƙon da ya taso daga wannan nisa yana isowa da rauni ƙwarai, toshe shi ko yi masa kutse ba wuya, kuma a 'yan shekarun nan matuƙa sun sha kai ƙarar haka a Gabas ta Tsakiya da gabashin Turai. Ranar da tauraro ya yi shiru ko ya yi ƙarya, ɗan ɗakin nan mai eriya da ke gefen filin jirgi shi ne shaida na biyu.

To mu ina muka tsaya?

In aka tambayi yara a aji wa ke son aikin jirgin sama, duk wanda ya ɗaga hannu matuƙi yake son zama. Ba laifi ba ne. Amma kuɗin koyon tuƙi ya fi ƙarfin yawancin iyayenmu, daga nan sai yaro ya ɗauka ƙofar ta rufe gaba ɗaya. Alhali kowane jirgi da ya sauka lafiya akwai mutane da yawa a bayansa da ba sa barin ƙasa: injiniyan da ke kula da VOR da ILS, mai ba jirage umarni daga hasumiya, mai duba yanayi da ke auna nisan da ido ke gani cikin hazo, mai zana taswirar hanya, har da mai tabbatar da janareto bai mutu ba cikin dare. Hukumar NAMA ke kula da sararin samanmu da na'urorinsa, NiMet ke duba yanayi, Kwalejin Koyon Aikin Jiragen Sama ta Zariya kuwa, wadda aka kafa a 1964, ba matuƙa kaɗai take horarwa ba, har da masu hasumiya da injiniyoyin sadarwa.

Ƙofar shiga duk waɗannan ita ce darussan da muke gudu: Lissafi, Fiziks, Labarin Ƙasa, da Turanci, tunda da shi ake magana tsakanin hasumiya da jirgi. Kusurwa da digirin da malam ke zanawa a allo muna hamma, su ne suka raba Kano da Muritaniya. Mun san wasu makarantunmu ba su da ɗakin gwaji, wasu kuma yana nan a kulle ƙura ta rufe shi. Muna roƙon shugabannin makarantu da iyayenmu su dubi wannan. Kafin nan, gwajin da muka kawo a sama rediyo ɗaya da tsinke kawai yake buƙata. 'Yan uwanmu mata, ku ma da ku ake, babu inda aka rubuta cewa hasumiya ta maza ce.

Akwai kuma ɗabi'ar da za mu ɗauka tun yanzu, ko da ba za mu taɓa shiga filin jirgi ba. In ka gama lissafi, sake bi ta wata hanya ka ga ko amsar ta tsaya. In labari ya shigo wayarka, nemi majiya ta biyu kafin ka tura. In abu biyu da ka yarda da su suka saɓa, kada ka zaɓi wanda ya fi ƙyalli, tsaya ka bincika. Matambayi ba ya ɓata.

Aikin gida na wannan mako: kowane aji ya gwada juya rediyo, a rubuto mana tashar da aka kama, da lokacin da aka yi gwajin, da fuskar da layin ya nuna. A gwada da rana a kuma gwada da dare, a gaya mana wanne dusashewar ta fi fitowa sarai. Za mu buga amsoshin da suka fi tsari tare da sunan makaranta.

Sai mun haɗu a mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya sauki matafiyanmu lafiya.